Rabin Inci a Wuyan Riga

Shekara talatin da biyu Gwaggo Mai Tef ta yi tana ɗinka kayan yara a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da maɓallai. Tef ɗin awo ba ya barin wuyanta ko unguwa za ta, shi ya sa sunan ya bi ta. Kowace irin riga tana da samfurinta na kwali, rataye a ƙusa bayan keken ɗinki. Da kwalayen suka fara cinyewa ta gefe, sai ta ce za ta mayar da su littafi: mai koyo ta ɗora takarda a kan shafi, ta bi layi, ta yanka.

Babbar 'yarta, malamar makaranta, ita ta shigar da zanen a kwamfuta, ta kuma nemo kamfanoni uku masu buga littafi sai an yi oda, ko da kwafi ɗaya ne. Kowanne ya aiko da na gwaji. Gwaggo ba ta taɓa ɓoye burinta ba. So take ta ga sunanta a gefen littafi, tsaye a kan kanta cikin littattafan mutane.

Na farko bai daɗe a hannunta ba. Ta buɗe shi a kan tebur, ta ɗauki alli da almakashi, sai littafin ya rufe kansa. Ta ce wanda ya haɗa wannan yana zaton tela hannu uku gare shi.

Na biyu kuwa ya yi kyau, ga sunanta da ruwan zinare a gefe. Daga shafi na sha huɗu ta yanka wa jikarta riga. Da aka zo sawa, kan yarinyar ya ƙi shiga. Aka ja, aka murɗa, yarinya ta fashe da kuka. Kwana biyu Gwaggo ba ta yi wa kowa maganar ba, tana goge tabarau, tana kallon hannunta kamar ba nata ba. A rana ta uku ta sauko da tsohon kwalin ta ɗora a kan shafin. Wuyan rigar ya ragu da rabin inci. Haka hannu, haka hammata, duk littafin.

Ta sa 'yarta ta kira kamfanin, ta karɓe wayar. Wani ma'aikaci mai sanyin murya ya bayyana mata cewa injinsu ne ke ɗan matse zane don ya zauna daidai a shafi, ba a iya hana shi, kuma ba su taɓa samun ƙorafi ba.

"Ai Mama, ba wanda ke auna littafi," in ji shi.

"Ɗan nan, ka taɓa sayen yadi da guminka ka sa masa almakashi? Yarinyar da za ta ɓata yadin mutane ba injinku za ta zarga ba. Kanta za ta zarga, ta ce ba ta da hannu, ta bar sana'ar. Ni da na shekara talatin a kai, kwana biyu kuka sa ina zargin idona."

Ya ce zai isar da saƙonta. Ta ce ya isar wa injin, tunda shi ne mai gidan.

Saura na uku, wanda tun zuwansa yake ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Bangonsa ba ƙyalli, takardar da kauri, an ɗaure shi da murɗaɗɗen ƙarfe. 'Yarta malama ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai kamar rahoton ofis, ba shi da gefen da za a rubuta suna, in aka jera shi a kanta ƙarfe kawai za a gani.

Gwaggo ta buɗe shafi na sha huɗu. Littafin ya kwanta shame-shame bai motsa ba. Ta ɗora kwalin, layi ya hau layi. Ta zare tef ta sake aunawa, don yanzu ba ta yarda da kowa ba.

Ta ɗauki mai ruwan zinaren, ta shafa sunanta da babban yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ta daɗe tana rawa.

"Ki ce musu mai ƙarfen," ta ce wa 'yarta. "Miƙo min sauran yadin nan, yarinya na jiran rigarta."