Kujerar Anti a Ɗakin Gwaji

Shekara ashirin da uku, ƙarfe bakwai da rabi Anti ke buɗe ɗakin gwajinmu a jami'a. Ta goge fuskar kwamfutoci shida, ta gwada linzamin kowace kwamfuta, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta jawo kujerarta ta roba mai karyayyen hannu ta ajiye kusa da inda baƙi ke zama. Mu masu bincike muna can bayan gilashi, muna nazarin yadda masu ciwon damuwa ke amsa tambayoyi a kwamfuta. Ita kuwa aikinta a takarda kunna na'ura ne da kashewa. Farfesa ya yi ta fama ta dawo bayan gilashi, wai zamanta a can yana ɓata sakamako. Sai ta ce, "To, Farfesa." Kashegari kujera na nan inda take.

A lokacin ina ɗalibin digiri na uku, kaina na rawa. Ni na tsara manhajar: wanda ya wuce daƙiƙa talatin bai amsa ba, ta tsallake zuwa tambaya ta gaba, mu kuma mu goge amsoshinsa, mu ce ba su cika ba. Har alfahari nake da wannan dabara.

Wata Laraba wani tela ya zo. Ya amsa tambaya takwas da sauri. Tambaya ta tara ta ce, "Ka taɓa jin gara a ce ba ka raye?" Hannunsa ya tsaya a kan linzami, manhajata ta tsallake. Ya ƙarasa, ya yi murmushi, ya miƙe.

Na leƙo na ce, "Anti, a goge nasa, bai cika ba."

Ta ce, "Ɗana, kai allo kake kallo, ni hannunsa na kalla."

Ta tare shi a ƙofa. "Malam, shayi ya yi, kada ka sa in zubar." Suka zauna awa guda, sannan ta raka shi da ƙafarta wurin likita a hawa na ƙasa. Da ta dawo ta miƙo mini wani littafi. Ashe duk wanda ya tsaya a tambaya ta tara tana rubuta lambarsa, kuma kowannensu ya sha shayinta. Mutum arba'in da ɗaya, duka mun goge su. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muka gyara manhajar, yanzu in an yi dogon shiru a wannan tambaya, likita take kira. Takardar binciken ta fita da sunaye biyar, babu nata.

Makon jiya, a taron ritayarta, telan ya zo da 'yarsa. Ya tashi ya ce, "Ranar nan na riga na kyautar da keken ɗinkina. Ban yi niyyar wayar gari ba."

Anti, ke ce idon ɗakin nan. Mu muka karɓi digiri, ke kika riƙe mutane. Ina kewar ƙarar kujerarki a kan siminti, wallahi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu tsara na'urori don marasa lafiya, ku riƙa fitowa daga bayan gilashi.

Jiya sabuwar ɗalibata ta tambaye ni ko a jefar da karyayyiyar kujerar nan. Na ce ta jawo ta kusa da baƙo, ta zauna.