Madam Rabi Ta Ga 'Ya'yan Gargazarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Madam Rabi ta rasu.

Da safen nan ina gaban tabulo, wato allon aji, alli a hannu, darakta ya leƙo ta taga ya yafito ni. Tun daga yadda ya kasa haɗa ido da ni na san ba lafiya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na zauna zan rubuta, sai na ji murmushi na neman ƙwace mini, domin matar nan ba ta tafi ba sai da ta kunyata duk mai yi mata dariya a garin Buza.

Ga wanda bai san ta ba, ita ta koya mana darasin halittu a kolej, kuma ajin da ta bari shi nake riƙe da shi yau. Ita ce wadda ake wa laƙabi da "mai kiwon kihi cikin ɗaka".

Mu 'ya'yan kan dutse, kifin da muka sani shi ne na banda, baƙi ƙirin, a lanƙwashe kan tiren kasuwa. Wata rana ta zana kifi a tabulo, sai wata ɗaliba ta ce, "Madam, kin yi kure, kihi ba miƙe yake ba." Duk aji muka goyi bayanta. Madam ta ajiye alli ta dube mu ta ce, "Ba laihinku na ba. Gani ya kori ji."

Bayan dogon hutun bakans sai ga akwatin gilashi a falonta, wanda ta sa aka haɗa mata a Madawa. Ta ɗauko ƙananan kifin gargaza daga tabkin Keita cikin bido, wato jarka, a bayan babur, kan wannan hanya mai girgiza hanji.

A garin da mata ke jera bokiti a bakin famfo, wai mutum ya tara ruwa don kifi! Ta sha habaici. Ita kuwa sai ta nuna zogalen tsakar gidanta ta ce, "Ruwan da nika canza musu, wanga icce ka shan shi. Ko ɗigo bai tahiya banza."

A wurinta na koyi cewa ba a canza ruwan duka a tashi ɗaya, sai kashi-kashi, kuma na famfo sai ya kwana a baho tukuna. Injin da ke ba su iska a kan pano mai aiki da hasken rana ta jona shi, saboda kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba shi da alkawari. Da bazara, buhu take jiƙawa ta lulluɓe akwatin. Abincinsu kuwa ita ke dakawa: dusar gero, busasshen ganyen zogale, ɗan ƙuli-ƙuli da fara. Abin da yatsu uku suka ɗebo, shi ke nan.

Mu ne ma matsalarta. Ba'adare, wato mutumin ƙasarmu ta Adar, bai iya ganin baki yana buɗewa yana rufewa ya ƙyale shi ba, a ganinsa yunwa ce. Ranar wani suna a maƙwabta, mata suka shigo kallo, tausayi ya kama su, suka marmasa wa kifin dawo. Ruwa ya koma fari fat kamar kunu, kafin yamma rabinsu sun juya ciki sama. Madam ba ta zagi kowa ba. Ta dai sa aka yi wa akwatin murfi, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce mata, "Ki gaishe su da ido, sun ƙoshi."

Ni daga Deule na zo karatu, a gidan mutane nake zaune. Ba ta taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Sai dai ta ce in zo in taya ta canjin ruwa, kuma kullum sai aikin ya faɗo daidai lokacin da ake sauke tukunya.

Ranar da na fara koyarwa, na hango ta tsaye a bakin taga tana yi kamar inuwa take sha.

Abu guda ne ya gagare ta shekara da shekaru: kifin sun ƙi haihuwa. Kowace shekara tana koya wa yara cewa uwar gargaza a cikin bakinta take renon ƙwai, kowace shekara aji na kwashewa da dariya. Har a kasuwa akan tsokane ta, "Madam, yaushe za mu sha suna?" Ta taɓa ce mini, "Ɗiyata, ni ma cikin littahi nig gane shi. Kullum ina hwaɗa ma yara abin da idona bai shaida ba. Ina son in gani kahin in bar duniya."

Lokacin da ta faɗi haka lafiyarta lau, dariya na yi.

Bara ta kwashe duwatsun ado da ke ƙasan akwatin, ta zuba yashin ƙorama, domin namiji ya samu inda zai haƙa gurbi. Ya kuwa haƙa. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta Tawa, aka daɗe, daga baya likitoci suka ce a maido ta gida ta huta. Duk mun gane abin da suke nufi.

Ta sa aka shimfiɗa mata katifa a falo, kusa da akwatin.

Yayanta Baba Illa ya zo jinya daga Tabotaki. Makiyayi ne tun tashinsa, dabba ba ta ɓoye masa komai. Shi ya fara lura da cewa babbar macen ta daina cin abinci. Ta koma kusurwa, haɓarta ta kumbura, ko an zuba gari a gabanta sai ta kau da kai. Ga ƙanwarsa ita ma ba ta iya haɗiyar komai.

Na shigo wata yamma na tarar da shi da rariya a hannu, ya ɗage murfi, an riga an ɗora tukunya.

Ya ce mini, "Ke ɗiya, taho ki ba Rabi haƙuri. Bisar da taƙ ƙi ci, wuƙa aka nema mata tun da sauran nama jikinta. A yi romo, ko Allah Shi sa ta sha."

Kada ku ga laifinsa. Duk wanda ya taɓa kiwo a Adar haka zai ce, kuma ƙanwarsa yake so ta rayu.

Madam ta ɗago da ƙyar. "Yaya, aje rariyag ga. Ba ciwo gare ta ba, bakinta cike yake. In kat taɓa ta, ba ni shan romon, ba ni kuma yahe ma."

Baba Illa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ajiye rariya yana gunaguni, wai boko ya gama da Rabi.

Ta sa na kwashe sauran kifin na zuba a baho, aka bar macen ita kaɗai. Daga nan sai jira. Kullum na tashi daga lakwal, wato makaranta, sai na biya gidanta. Kifi na ramewa, Madam na ramewa. Gaskiya tsoro ya kama ni. Addu'ata ita ce kada Allah Ya sa ɗayarsu ta tafi kafin a ga 'ya'yan.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina cire takalmi a bakin ƙofa na ji muryarta, siririya amma da ƙarfinta na aji: "Taho a hankali! Kak ki yi gudu!"

Na durƙusa gaban gilashi. Ga su nan, jama'a! Ƙanana, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ido kawai da wutsiya, sun yi gungu a gaban bakin uwarsu. Sai kawai na ce Allahu Akbar.

Baba Illa ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, ya sunkuyo don ya gani da kyau. Kan ka ce kwabo uwar ta buɗe baki, duka suka ruga ciki, ta rufe.

Ya dafe kai. "Wayyo! Ta haɗiye ɗiyanta! Ban hwaɗa muku ba? Yunwa ta!"

Madam ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ja da baya, Yaya. Inuwakka ta suka tsoro."

Ya ja da baya har bango, ya rakuɓe. Muka zuba ido. Can sai ta buɗe baki, suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

 Tsohon nan ya share ido da hannun riga ya ce, "Ashe uwa ta. Ni da niy yi shirin dahwa ta."

Maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar falon ya cika, yaran kolej a layi har waje, masu tsokanar kasuwa ma sun zo sun cire hula. Baba Illa ya tsaya bakin ƙofa da sandarsa yana shigo da su uku-uku, yana gargaɗin kowa kada ya sa inuwa. A ranar Madam ta nemi fura da kanta, ta sha ludayi biyu.

Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "In sun yi ƙwari, ki kai lakwal, ki ba na Deule da na Tabotaki nasu. In kuma kin tsaya gaban yara, kak ki ce littahi yac ce. Ki ce kin gani."

Ban sake ganinta ba.

Ya Allah, baiwarKa Rabi ta ciyar da mu ba tare da ta kunyata mu ba, ta buɗe mana ido a kan halittarKa. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna. Ka ba Baba Illa da iyalanta haƙurin rashinta.

Wanda ya taɓa zama a ajinta, da wanda ya taɓa yi mata dariya, da wanda yau ya fara jin sunanta, don Allah kada ka wuce ba ka sa ta a addu'a ba. Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce, ta cancanta.