Azumin da Likita Ba Ta Ce a Yi Ba

A lokacin ina 'yar shekara sha tara, rawar kai kamar me, yatsana ya fi bakina sauri. A unguwar Liman Abaji muke, Baba yana da shagon kayan acaɓa a Sabon Gari. Sau biyu Turanci yana kayar da ni a jarrabawar gama sakandare, sai wata ƙawata ta tura min manhajar koyon Turanci a waya, kyauta, data kawai za ka sa. Wallahi na kamu. Ina wanke-wanke ina dannawa, ina cikin keke ina dannawa, ita kuma tana zuba min taurari tana ce min na haɗu. Wata huɗu ban tsallake rana ɗaya ba. A gida aka koma ce min Baturiya. Baba idan abokansa sun zo sai ya ce in fasa musu Turanci biyu-uku, yana ta washe baki, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Baba yana da ciwon suga. Ranar da zai koma ganin likita a wani asibitin kuɗi, ni na ce zan raka shi, tunda ga mai Turanci a gida. Likitar 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, ko sannu ba ta iya ba. Wata nas 'yar ƙabilar Eggon, mai Hausa kamar jakin Kano, ta leƙo ta tambaya ko ta tsaya ta yi mana tafinta. Na ce mata ba yawa, ta je abinta, ina nan. Da likita ta fara magana na san na shiga uku. Ba irin muryar manhaja ba ce da za ka danna ta maimaita a hankali, wannan gudu take kamar an biyo ta. Kalma biyu na cafke, Alhamis da fastin. Fastin kuwa na sha haɗa ta da azumi a waya ina cin tauraro. Ta tambaye ni ko na gane, na gyaɗa kai da yanga, don Baba yana kallona.

A hanya na ce masa likita ta ce ya dawo ranar Alhamis da azumi a bakinsa a ɗebi jini. Har daɗi ya ji, ya ce ashe yarinyar ta san sunna, dama Alhamis ranar azuminsa ce. Inna ta tashi da asuba ta yi masa ɗumamen tuwo da kunu, ya yi sahur ya ƙoshi. Da hantsi aka ɗebi jini, suga ya nuna sama sosai. Likita ta tambaye ni ko da gaske yana fastin, na ce ƙwarai, kuma a zuciyata gaskiya na faɗa. Sai ta ƙara masa ƙarfin magani.

Ba a yi sati biyu ba, yana kan benci a shago zai sauko da taya, jiri ya ɗebe shi. Sugansa ne ya faɗi ƙasa warwas. Ya faɗo a kan ƙarafa, ƙugunsa ya karye. A asibiti nas ɗin nan ce ta zauna da Inna tana mata tambayoyi da Hausa, har Inna ta ambaci sahur. Nan take nas ɗin ta gano inda matsalar take. Ta ce fastin na asibiti ba azuminmu ba ne, nufinsu daga abincin dare kada a sake cin komai sai ruwa har a ɗebi jini, sahur ɗin ne ya ɓata gwajin. Ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi. Daidai lokacin wayata ta yi ƙara a jaka, manhaja ce tana tuna min ban yi darasin yau ba.

Yanzu Baba da sanda yake tafiya, shagon ma ƙaninsa ke buɗewa. Bai taɓa ɗora min laifi ba, duk wanda ya zo dubiya sai ya ce ƙaddara ce. Amma da muka koma asibiti, kafin in buɗe baki ya ce min, Uwata, je ki kira mana baiwar Allahn nan mai Hausa. A hankali ya faɗa, don kada in ji ciwo. Tun daga ranar ba wanda ya sake ce min Baturiya.

Ban goge manhajar ba, ba ita ta yi min ƙarya ba, kalma ta ba ni na ɗauka na gama sanin ta. 'Yan uwana masu danne-danne, ku koya, amma tauraron waya ba shi ne jin magana ba. Inda lafiyar mutum take, ku ajiye yanga ku nemi wanda ya iya. Abin da ke hana ni sukuni, yadda ake cewa ban gane ba, a maimaita min, yana cikin darasin satin farko. Na ci shi da taurari uku. Ranar da Baba yake buƙatar in faɗa ce kawai na gyaɗa kai.