Ɗari Ba Ɗaya a Rajistar Maman Ofis

Shekara ashirin da uku Maman Ofis ta yi a kan kujera guda, a ɗan ɗakin da ke tsakanin ofishin Shugaba da ma'ajin alli da tsintsiya. Kujerar ta katako ce, ƙafarta ɗaya ta gajarce, an tallafe ta da wani tsohon littafi da aka daina koyarwa da shi. Yara ne suka laƙaba mata sunan tun tana sabuwar zuwa, ko haihuwar fari ba ta yi ba, sunan kuwa ya bi ta har gida. Mijinta ma, wani tela mai son tsokana, haka yake kiranta in yana neman magana.

Aikinta rubuta sunaye. Duk yaron da ya shigo sakandaren nan ta hannunta ya bi, duk wanda ya fita kuma ita ke ɗora rula ta ja layi a kan sunansa da jan biro.

Makarantar ta gwamnati ce, ƙarama, can inda motar haya take juyawa ta koma don babu sauran hanya. Aji shida, malamai bakwai, famfo ɗaya da sai an lallaɓa shi. Yawancin yaran 'ya'yan manoman wurin ne, dangin juna, ta yadda in sabon malami ya kira sunan kaka sai yara huɗu su miƙe tare. Waɗannan su ne masu gyangyaɗi a darasin farko, don kafin su sa kayan makaranta sun riga sun ba dabbobi ruwa, hannuwansu kuma duk kanta. Akwai ragowar 'ya'yan ma'aikatan kamfanin katako da aka rufe, waɗanda iyayensu suka tafi birni neman aiki suka bar su wurin kakanni. In aka kira taron iyaye, farin gashi da sanduna ne ke cika bencina. Sai kuma 'ya'yan 'yan ƙwadago masu bin gonakin tumatir, da suke zuwa a tsakiyar zango da wani yare a bakinsu, su zauna a bencin baya wata uku ko huɗu, daidai lokacin da suka fara ɗaga hannu a aji sai a wayi gari babu su.

Ba a sata a makarantar, don kowa ya san biron kowa. Faɗa kuwa ana yi, sau da yawa ma gadonsa ake yi: rikicin iyakar gona tsakanin iyaye, yara su ƙarasa shi a bayan aji biyar. Yaro ɗaya ne mai tsaron raga, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne kuma ake turawa gasar muhawara. Maman Ofis ta san wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba daga yadda yake gaishe ta. Akwai burodi a cikin durowarta ta ƙasa, ba ta taɓa cewa na wane ne ba.

Sau ɗaya a shekara ma'aikatar ilimi ke aiko da takardar ƙidaya. Maza nawa, mata nawa, yaren gida, yana tare da iyaye ko a'a. Gurbin yare ɗaya ne tak, ita kuwa tana da yarinyar da ke magana da uwarta da wani, da ubanta da wani, da ƙawayenta da na uku. Shekarar da ta fara cika takardar, ɗari biyu da arba'in ta rubuta a ƙasa. Tun daga nan lambar ke zaizayewa kamar sabulu a hannun yara.

A shekarar da ake magana, takardar ta zo da wata sabuwar doka a maƙale: duk makarantar da ɗalibanta suka gaza ɗari ranar Juma'ar ƙidaya, za a ɗauke mata malami ɗaya. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san wanda za a ɗauka. Malam Kimiyya ne na ƙarshen zuwa, shi kaɗai kuma ke koyar da darussan kimiyya uku, da kwalabe da wayoyin da yake tsintowa da kansa.

Ranar Litinin Shugaba ya leƙo ɗakinta. Mutum ne mai sanyin hali, ya girme ta da kaɗan, hawan jini ya sa ya daina ɗaga murya.

"Mama, nawa muke?"

"Casa'in da takwas, Yallaɓai."

"Ba ɗari da ɗaya kika ce mini ba?"

"Wancan makon ke nan. Yaran nan uku 'yan gida ɗaya, na gonar tumatir, yau kwana shida ba su zo ba."

Ya shigo ya tura ƙofa. "Kin ja layi?"

"Ban ja ba tukuna."

"To kada ki yi gaggawa. Jan biro ma ai yakan ƙare."

Ta cire tabarau ta murza idanu. "Yallaɓai, ramin ƙarya ƙurarre ne. In sufeto ya zo ya ce a yi layi a ƙirga fa?"

"Yaushe rabon sufeto da hanyar nan? Ko shi ya yarda, motarsa ba za ta yarda ba." Sannan ya ce, "Ban ce ki yi komai ba. Tunani kawai nake yi da ƙarfi."

Da ta koma gida ta ba mijinta labari yana kan keken ɗinki. Bai ɗago ba ya ce, "Shekara ashirin da uku ba ki taɓa ƙara ko ɗigo ba, yanzu da gwiwa ta fara ciwo za ki koyi gudu? Gobe in an tashi zan kai ki wurin mutanen, ƙila zazzaɓi ne ya kwantar da yaran."

Ba zazzaɓi ba ne. Washegari da la'asar ya ɗauke ta a babur har layin ɗakunan kwano da ke bayan gonar. Ƙofar a buɗe take, ɗakin an share shi tas, sai ƙusoshi a bango da wani littafin rubutu da aka naɗe aka toshe ramin taga da shi. Ta zaro ta buɗe. Rubutun babbar cikin yaran ne, taswirar zuciya da jijiyoyinta, Malam Kimiyya ya ba ta takwas cikin goma. Wata maƙwabciya ta ce mota ta zo ta kwashe su, an ce an fara girbi a wani wuri, ba ta san ina ba.

Ranar Laraba Maman Ofis ta sauko da rajistocin shekara biyu da suka wuce, ta bi jajayen layukan da yatsa tana neman waɗanda suka bar makaranta alhali shekarunsu ba su wuce ba. Ta sami shida. Huɗu suna birni. Na biyar ta same shi a garejin bakin kasuwa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya gaishe ta da ladabi, ya saurare ta har ta gama, sannan ya nuna wani saurayi da ke kwance a ƙarƙashin mota.

"Mama, kin gane wancan? Shi ya gama makaranta, har da sakamako mai kyau. Ga mu nan tare, ni ma nake nuna masa sifana."

Ta sa masa albarka ta wuce.

Ta shida ita ce wadda ake kira Doguwa, don tun aji ɗaya ta fi malamai biyu tsawo. Ta bari ne a aji biyar, lokacin da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye, ta kama aiki a gonar kaji. Maman Ofis ta same ta a rumfar tantance ƙwai, tana ɗaga su ɗaya-ɗaya ga haske, wari ya cika wurin har cikin maƙogwaro.

"Sannu da aiki, 'yata. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Mama. Yana ɗan takawa da sanda yanzu." Ba ta daina aikin ba. "Na ji an ce kina yawon neman mutane."

"Labari ya riga ni."

"Garin nan ai ko tari ka yi sai an ce ka ji sauƙi." Ta ajiye ƙwan da ke hannunta. "Mama, in tambaye ki? Don ku cika ɗari ne, ko don ni?"

Maman Ofis ta nemi wani bokiti da aka kife ta zauna a kai. "Da na fito daga ofis, don ɗari ne. Ko kin dawo ma ba za mu cika ba, saura ɗaya. Amma na duba makinki kafin in zo, na ji kunyar shekara guda da ban zo ba."

Doguwa ta yi 'yar dariya. "Gara da kika faɗi gaskiya. Da kin ce don ni ne, da na ce ki gai da gida."

Ta amince za ta koma makaranta, amma sai da suka yi kusan awa da mai gonar kafin ya yarda ya mayar da ita aikin yamma. Ranar Alhamis ta shigo da tsohuwar rigar makaranta da hannunta ya tsaya nesa da wuyan hannu, ta wuce bencin baya na aji biyar ta zauna, gwiwoyinta na tokare da tebur. 'Yan ajin duk ƙannenta ne a da. Babu wanda ya yi dariya, don rabinsu a gonar nan iyayensu ke sayen ƙwai kuma sun san hannunta da nauyi.

Ranar Juma'a Maman Ofis ta zaga aji-aji ta ƙirga kawuna da kanta, ta sake ƙirgawa. Ta dawo ta zauna, ta ɗora rula, ta ja layi uku. Jan biron bai ƙare ba. A ƙasan takardar ta rubuta casa'in da tara, ta kai wa Shugaba. Ya daɗe yana kallon lambar kamar zai iya tsorata ta, sannan ya sa hannu.

"Ɗari ba ɗaya," ya ce. "Allah ya ba mu haƙuri."

Da aka tashi Malam Kimiyya ya shigo ɗakinta da alli a gashin kansa. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Mama, ai ke kika so," ya ce. "Da kin sa akuyar mai gadi. Kullum tana aji uku, ta fi wasu zuwa a kan lokaci."

Ta yi dariya har hawaye ya zo, daga nan kuma ta rasa na mene ne. Ya ce kada ta damu, shi ma da shi ne haka zai rubuta. Ba ta sani ba ko gaskiya ya faɗa ko lallashi ne.

Takardar canjin wuri ta zo bayan wata biyu. A ƙarshen zango ya tafi, ya bar mata kwali cike da littattafan darasinsa da kwalaben nan, ya ce a ajiye ko Allah zai kawo wani. Mako na uku da dawowa daga hutu, sababbin 'yan ƙwadago suka sauka da yara tara. Ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar yadda ake furta kowane suna har ta iya. Suka zama ɗari da takwas. Shugaba ya rubuta wa ma'aikata har sau biyu, amsar ta zo layi ɗaya: ƙidaya sau ɗaya ake yi a shekara.

Darasin kimiyya ya zama lokacin surutu da jifa da takarda, har ranar da wani ya fasa gilashin taga. Daga nan Maman Ofis ta fara kulle ɗakinta sau uku a mako, ta ɗauki littafin Malam Kimiyya ta shiga aji ta kwafe a allo. Ba ta san ma'anar rabin abin da take rubutawa ba, kuma ba ta ɓoye musu ba. In an yi tambaya sai ta juya ta ce, "Doguwa, me yake nufi a nan?" Wani lokaci Doguwa ta sani. Wani lokaci ajin gaba ɗaya su yi shiru suna kallon allo, ita ma ta tsaya tana kallo tare da su, alli a hannu, kafaɗarta na zogi.

'Yarta da ke aure a birni takan kira ta ce, "Umma, wai ke aka ɗora wa makarantar nan? Ki ajiye ki zo ki huta." Sai ta ce saura shekara biyu ta yi ritaya, ta canza magana zuwa jikoki.

Ba a kawo wani malamin ba, shekarar nan da ta bayanta. Doguwa ta kai aji shida ta zauna jarrabawar fita tare da yara goma sha ɗaya. Da sakamako ya fito ta ci darasi shida, ta faɗi biyu, duka na kimiyya, ɗaya da maki kaɗan. Ba ta zo karɓa ba, don an ƙara kaji a gonar kuma an rage ma'aikata.

Maman Ofis ta sa takardar a ambulan ta kai mata da kanta. Ta tarar da ita da tiren ƙwai biyar a rungume har haɓa.

"Na ci?"

"Kin ci shida. Biyu sai an sake."

Doguwa ta gyara riƙon tiren. "Yaushe ake sakewa?"

"Baɗi. Sai dai a birni ake zama."

"To. Sa mini a aljihu, Mama, hannuna ba wuri."

Ta ninke ambulan ɗin biyu ta tura mata a aljihun riga. Mai gonar ya ƙwala kira daga ciki, Doguwa ta amsa ta juya a hankali don kada tiren ya karkace. Maman Ofis ta fito bakin hanya, ta tarar motar haya ta riga ta wuce, ta cire takalmanta masu matsi ta riƙe a hannu ta kama hanyar gida a ƙasa.