Ranar da Taken Dagaci Ya Tashi a Kasuwa

Shekaranjiya a motar Gwarzo wani saurayi ya kunna waƙa a wayarsa, irin kiɗan nan mai ƙarar jita da suke ce wa rok. Can tsakiya sai algaita ta ratso. Na kusa da shi ya ce an ɓata waƙar, shi kuma ya rantse algaitar ce ma waƙar. Ni dai ina kallon gonaki. Na taɓa jin wannan musun tun ba a haife su ba, kuma ni na jawo shi.

Kakana na wajen uba shi ke busa wa dagacin ƙauyenmu algaita, nan kusa da Garo. Da hantsi zai zauna a gindin darbejiya, ya jiƙa ɗan karan bakin algaitar a ƙoƙo, ya gwada, kumatunsa su cika fam. Akwai take guda da ba ya busawa sai in dagaci ya fito. Duk garin an san shi, ina jin har awaki.

Yayana kuwa ya tafi Kano karatu, ya dawo da jita da gashi buzu-buzu. Shi da abokansa suka lallaɓa Kaka suka ɗauki busarsa a rikoda, suka koma birni suka ɗora kiɗansu a kai, suka dawo da shi a kaset. Tsoho da son jika, sai ya busa musu abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato taken dagaci. Ya dai ja musu kunne kada kaset ɗin ya fita daga gida.

To, kun san 'yar shekara goma da rawar kai. So nake duniya ta san kakana yana cikin kaset. Wata ranar kasuwa, bayan an cire gyaɗa, na zaro shi daga ƙarƙashin katifar Yaya, na ɓoye a farantin tallata, na miƙa wa mai sayar da kaset. Shi kuma ya sa a babbar lasifikarsa.

Wayyo Allah! Take na tashi, kasuwa ta dare biyu. Mahauta suka ajiye wuƙa, dattawa suka tuɓe takalma suka durƙusa, ana ta "Ranka ya daɗe!" ga hanya fayau babu kowa. Sai jita ta kurma ihu, ganguna suka biyo baya. Wani tsoho ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, yana tambayar ɗan gidan uban wa ya yi musu wannan wulaƙanci.

Kwana uku ba a yi wata magana ba sai wannan. Samarin teburin mai shayi suka rabu gida biyu. Masu ji da kiɗan Turawa suka ce algaita ta mayar da rok kiɗan ƙauye. Sauran suka ce in aka cire ta, abin da ya rage ƙarar injin niƙa ce kawai. Dattawa kuwa ba ruwansu da wannan, su cewa suke za a karɓe algaitar a ba wani gida. Tun kakan Kaka take a hannunmu fa. Kaka ya riƙa tura tuwonsa gefe, kuma bai tambayi wanda ya fitar da kaset ba. Wannan shirun ya fi mini duka ciwo, har na je na faɗa masa da bakina ina kuka.

Ya ce, "Na sani, amaryata. Share hawayenki."

Rana ta huɗu dagaci ya aiko a kira shi tare da Yaya. Na kafe sai na bi su. Aka kunna kaset a zaure. Dagaci ya lumshe ido ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce a mayar da shi farko.

Da ya ƙare karo na biyu ya dubi Kaka. "Malam, ashe taken nan yana da tsawo haka?"

"Ranka ya daɗe, ai kana zama nake yankewa."

"Ikon Allah. Duk shekarun nan ban taɓa jin ƙarshensa ba." Ya juya wajen Yaya. "Kai kuma ka gaya wa mai jitar nan ya sassauta, yana danne babba."

Yaya ya sunkuyar da kai, don shi ne mai jitar. Dagaci ya hana a sake sa shi a kasuwa, ya riƙe kaset ɗin a wurinsa, ya ce Kaka ya fito da algaitarsa ranar Juma'a kamar kullum. Wallahi a ranar na san daɗin numfashi. Kaka ya ci malmala biyu har yana tsokanata wai miyata ba gishiri.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, dagacin da Kakan. A gidanmu babu wanda ya koyi busa, yara sun tafi boko da kasuwanci, sabon dagaci a mota yake fitowa. Iyalan marigayi dagacin sun maido mana kaset ɗin, Yaya ya sa an juye shi a waya. Shekara da shekaru yana neman wanda zai cire masa jitarsa daga ciki, an ce ba za ta ciru ba. Duk jikan da ke son jin numfashin Kaka, sai ya haƙura da hayaniyar Yaya.