Ranar da Na Shafa Man Shanun Miya a Kaina

Shekarun baya, lokacin da aka fara tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Sassumbrum, babu abin da nake ji da shi kamar gashina. Yanzu girma ya zo, ba na jin kunyar faɗa muku. Ni ba fara ba ce, ba doguwa ba, amma idan na tsefe kaina gashi yana sauka har tsakiyar bayana, kuma na san da haka, na tabbatar duk wadda ta zo gidanmu a Magarya ita ma ta sani.

Sai dai gashin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mahaifiyata ta yi wata doguwar jinya bayan ta haife ni, nata ya zube, bai sake dawowa yadda yake ba. To, sai ta mayar da duk son da take yi wa nata a kan nawa. Tana da wani farin zare da take ajiyewa a cikin kwanon tasarta. Duk ƙarshen shekara sai ta zaunar da ni, ta ɗora bakin zaren a tsakiyar kaina, ta ja shi har inda gashin ya tsaya, ta yi ƙulli a wurin. Tun ina ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, take yin haka. Ranar da zan tafi ƙauye, ina kan kabu-kabu an riga an ɗaure kayana, ba ta ce in kula da aikina ba, ba ta ce in kula da cikina ba. Cewa ta yi, "Ki dawo mini da kan nan yadda kika tafi da shi. Zarena yana nan."

Na ce, "Haba Mama, sai ka ce yaƙi zan tafi."

A ƙauyen an sauke ni gidan wata tsohuwa Bafillatana, irin waɗanda suka zauna wuri ɗaya, suna noma gero da wake, suna kuma da garken shanunsu a bayan gari. Kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Tana zaune da surukarta, wadda ita ce ke zuwa rijiya. Ni kuwa na zo da ɗabi'ata ta gari: duk Laraba da Lahadi sai na tsefe, na wanke kai da shampo, na ɗauraye sau uku. A Magarya famfo ne a tsakar gida, ban taɓa tunanin ruwa yana da nauyi ba. Bidon guda, wato jarkar ruwa, nake ƙararwa a kai kaɗai. Inna kuwa sai dai ta bi kumfar da kallo tana gangarawa ta bakin zana.

Da bazara ta kama, rijiya ta ja baya. Wata Lahadi na raka surukar Inna don in ga gari. Muka tarar da mata a layi tun safe, guga yana tafiya kamar ba zai taɓa ruwa ba, in ya fito kuma rabinsa laka. Da muka dawo ta sauke bidon a ƙofar ɗakina, ta ce, "Malama, ga na wankin kanki." Da take miƙo mini moɗa na ga tafin hannunta, igiya ta yanka shi ya yi jajir. Na ce mata ta kai randa, na fasa. Tun daga ranar na ɗauki alkawari tsakanina da raina cewa ba zan ƙara ɓarnar ruwan mutane a kan gashi ba.

Niyyar mai kyau ce, dabara ce babu. Ni a sanina gashi ko dai a wanke shi, ko a bar shi. Sai na bar shi. Na tufke shi wuri ɗaya, na ɗaure da kallabi, na ɗora hijabi, na shiga aji cikin zafin nan da ƙurar alli. Sati uku ban waiwaye shi ba. Ƙaiƙayi ya fara, har ina tsaka da rubutu a allo sai in juya baya in sosa da gindin biro. Ranar da na kwance, gashin ya bushe ƙamas, ya dunƙule a ƙeya. Na sa mataji da ƙarfin tsiya. Abin da ya biyo matajin ya cika tafin hannuna, na yi ta kallonsa, ina ganin zaren mahaifiyata a idona. Na tona rami a bayan ɗaki na binne, don kada kowa ya gani.

Girman kai ya hana ni tambayar Inna. Yo ni da na yi karatu, nake da kwalabe huɗu na mayukan gashi, zan je in ce wa tsohuwar ƙauye ban iya kula da kaina ba? Sai na bi ta bayan gida. Wata rana ina hira da surukarta na ce, kamar ba komai, "Ku kuwa me kuke shafawa ne gashinku yake sheƙi haka?"

Ta ce, "Man shanu mana, Malama. Me muke da shi ban da shi?"

Shi ke nan, ban ƙara tambaya ba. Ina da man shanu a ɗaki, cikin kwalba, wanda mahaifiyata ta soya mini da albasa don in riƙa zubawa a tuwo da shinkafa da wake. Ni dai na ji an ce man shanu. Ranar Laraba da rana, da yake ba mu komawa aji da yamma, na rufe ƙofa, na kwarara kusan rabin kwalbar a kaina, na mulke shi tun daga gindi har baki. Na ji yana ƙanshi, na ce lallai abin nan zai yi aiki. Na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ta tsakar gida, barci ya kwashe ni.

Cizo ne ya tashe ni. Kiyashi! Sun yi layi tun daga gindin bishiya, sun bi gefen tabarma, sun shige kaina, wasu a wuya, wasu a bayan kunne. Na zabura ina ihu ina kakkaɓe kai da hannu biyu. Kyanwar gidan kuma tana zaune a gefe tana lasar inda na ɗora kai. Inna ta fito da sauri da sandarta, ta zata maciji ne. Da ta matso sai ta tsaya cak, ta shinshina, ta sake shinshinawa.

Ta ce, "Malama, wa ke tuwo da tsakar ranar nan?"

Surukarta ta gane kafin ita. Ta durƙushe tana dariya har da riƙe ciki, tana cewa, "Inna, na miya ta shafa! Wallahi soyayye ta shafa, ga albasar nan a kanta!" Kuma gaskiya ne, ga ƙonanniyar albasa nan maƙale a gashin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na so in yi dariyar ni ma, amma kuka ne ya zo. Na gaji da ƙaiƙayi, na gaji da ɓoyo, ga shi na zama abin dariya. Na ce, "Inna, ki ara mini almakashi. Yanke shi zan yi in huta. In na je gida na san abin da zan faɗa wa mahaifiyata."

Inna ta daina murmushi. Ta ce, "Me za ki faɗa mata?"

Na ba ta labarin zaren. Ta jawo kujerarta ta zauna, ta nuna mini ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta ce, "Zauna nan, ɗiyata. Almakashi yana nan ba inda zai je. Tun ranar da kika zo nake kallon gashin nan ina jin tausayinsa. Da can kin hana shi sakat da sabulu, yanzu kuma kin yi fushi da shi. Ke ba ki san tsakiya ba?"

Ta aiki surukarta ta ɗebo busasshen ganyen karkashi, irin wanda muke miya da shi, ta jiƙa a ƙwarya da ruwan ɗumi har ya yi yauƙi. Ranar dai dole aka sa sabulu sau ɗaya saboda man miya. Bayan nan ta zuba yauƙin nan a kaina, ta ajiye matajina can nesa, ta shiga warware dunƙulen da yatsunta, daga bakin gashi tana hawa sama, sili-sili. Tun bayan azahar har aka kira la'asar tana abu ɗaya. In na motsa ta dungure mini kai ta ce, "Yaran lakwal ma kina hana su motsi." Da ta gama, ta ɗauko almakashin da kanta, ta datse bakin da ya riga ya mutu, kamar faɗin yatsu huɗu. Ina jin ƙarar na runtse ido.

Washegari da safe, da suka kaɗa nono, ta kira ni ta nuna mini man da ake nufi: ɗanye, fari, wanda wuta ba ta taɓa ba. Ta wanke shi cikin ruwa har tsamin nonon ya fita, ta daka kanumfari kaɗan ta zuba. Ta lakato abin da bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, ta murza a tafi, ta bi tsaga-tsaga da bakin gashin. Ta ce, "Shafawa ake yi, ba a yi masa wanka da shi." Sannan ta yi mini manyan kalaba guda shida, sako-sako, ba irin kitson gari da ke ɗaga wa mutum gira ba.

Sauran ka'idojinta ma ba su da wuya. Wanki sai bayan sati uku, da karkashi, ƙwarya biyu ta isa, ruwan ɗaurayar kuma a zuba wa zogale tunda ba sabulu a ciki. Tsakanin nan, in zufa ta yi yawa, a jiƙa tsumma mai tsabta a goge tsagar. In an dawo gida, ba maza, a cire kallabi kai ya sha iska a inuwa. Kallabin kansa shi za a riƙa wankewa, don a cewarta shi ke mayar wa mutum da dattin jiya. Na tambaye ta wankan tsarki fa? Ta ce, "Wanda Allah ya ɗora miki ni wace ce zan hana? Ki kai ruwa gindin gashi, ki matsa kalabar ruwa ya ratsa. Sabulun nan na kullum shi na hana."

Cikin wata biyu ƙaiƙayi ya tafi, mataji ya daina fitowa da kaya. Tsokanar dai ba ta tafi ba. Har na bar garin, in aka soya man shanu a gidan sai surukar Inna ta leƙo ta ce, "Malama, a ɗebar miki na kai?"

Da aka yi babban hutu na koma Magarya. Duk hanya zaren nan ne a raina, don na san abin da almakashi ya ci bai gama dawowa ba. Ko ruwa ban gama sha ba mahaifiyata ta buɗe kwanon tasa. Na zauna, na cire kallabi, ta warware kalaba ɗaya, ta ɗora zaren. Na ji yatsunta sun sauka, sun tsaya, sun ɗan koma sama. Gashin bai kai ƙullin bara ba. Na fara, "Mama, ki yi haƙuri, wallahi ruwa ne..."

Sai na ji ta cusa hannu cikin gashin tana jin kaurinsa, sannan ta sunkuyo ta ɗora hancinta a tsakiyar kaina. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, muryarta ta sauya. Ta ce, "Ɗanyen mai da kanumfari. Wa ya yi miki wannan?"

Na ce wata tsohuwa ce a can.

Ta ce, "Haka kan uwata yake ƙanshi. Tun da aka kawo ni gari na daina jin sa, har na manta." Ta goge ido da bakin zanenta, ta ɗauki zaren, ta yi sabon ƙulli a bayan na bara, daidai inda gashin ya tsaya. Ta ce, "Wannan ma a ƙirga shi."

Yau ina zaune a gida mai famfo, amma har yanzu sai bayan sati uku nake wanke kaina, kuma ba na rasa karkashi a ɗaki. In ƙawayena suka tambaye ni sirrin, ina faɗa musu duka, har da kiyashin, don kada wata ta kwaso kwalbar miya. Abin da na koya bai wuce wannan ba: rage wanki ba sakaci ba ne, in dai hannu bai daina zuwa wurin ba. Na kuma koyi buɗe baki in yi tambaya har ƙarshe, ko da wadda zan tambaya ba ta taɓa shiga aji ba.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Mahaifiyata tana nan, ido ya yi rauni, zaren ya dawo hannuna, ɗiyata nake aunawa da wani sabo. Wani lokaci nakan ɗauko tsohon in bi ƙulle-ƙullen da yatsa. Duk suna tafiya gaba, ɗaya bayan ɗaya, sai guda ɗaya tak da ya koma baya. A kansa yatsana yake tsayawa.