Mahmudu Tafinta da Lauje Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya, rana na fitowa Mahmudu zai hau tsohon kekensa ya nufi mahkama, wato kotu. Wurin zamansa ɗan benci ne kusa da waɗanda ake tuhuma. Alƙali ya yi Larabci ya juya shi Hausa, talaka ya yi Hausa ya juya ta Larabci. A watan nan ya ajiye aiki, ko kaza ba a yanka masa ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ina kishin mutumin nan. Tare muka taso. Na fi shi gona, na fi shi iyali, ni ake kira in an yi baƙi. Amma ya yi abu ɗaya da har in mutu ba zan kamo shi ba.

Shekarar da rikicin jam'iyyu ya zama muzahara a Gadarif, aka ƙone rumfunan kasuwa. Daidai lokacin lori ta sauke masu yankan dawa goma sha ɗaya daga Gadambaliya, za su canja mota zuwa Doka. 'Yan sanda suka kwashe su da laujunansu tare da masu muzaharar. Masu jifa wata uku-uku aka yanke musu. Waɗannan kuwa aka ce da makami suka fito, shekara bakwai ake magana. Ranar shari'a mu dattawa muna sahun gaba a mahkama da manyan rawuna, ko tari ba wanda ya yi.

Alƙali ya tambayi babbansu, Haladu, “A hannunka aka sami laujen nan?”

“To a hannun wa za a same shi? Nawa ne.”

Mahmudu ya fassara yadda aka faɗa. Alƙali ya ɗauki alƙalami. Tafinta ba shi da bakin kansa a mahkama, kalma ɗaya tana iya cinye masa aiki. Amma ya miƙe.

“Ya Maulana, a kore ni in na gama. A kawo laujunan a gani.”

“Kai lauya ne?”

“A'a, ni ɗan mai yankan dawa ne. Ba a hawa lori da lauje tsirara, sai ka yanke na kusa da kai. Naɗe bakin ake yi da tsumman buhu, a ɗaure da igiya. Wanda ya fito faɗa, kwancewa yake fara yi.”

Aka zube su a tebur. Goma a naɗe, ƙurar hanya ta kama ƙullin. Ɗaya tsirara, na Ɗahiru, ɗan ƙanwar Mahmudu.

Ɗahiru ya ce da Hausa, “Kawu, ka ce tsumman faɗuwa ya yi.”

“Faɗuwa ya yi?”

Ɗahiru ya sunkuyar da kai. “Ni na kwance.”

Mahmudu ya juya ta Larabci. Goma suka kama hanyar Doka a ranar. Ɗahiru ya yi shekara biyu a kurkuku, uwarsa ta yi biyar ba ta taka gidan wanta ba.

Kai ne, Mahmudu, bakin marasa baki. Kai ne ka sa aka auna wa kowa daidai laifinsa, har naka. Allah ya saka maka, ya kuma yafe mini abin da nake ji in na ga Haladu ya durƙusa gabanka.

Ku matasanmu masu shiga aikin mahkama, ku je ku tambaye shi yadda harshensa ya iya ɗaukar maganar Ɗahiru. Ni na tambaya. Ya ce, “Da na yi ƙarya a kan ɗaya, wa zai yarda da ni a kan goman?”